Kukan kulocin da aka shafe mako goma sha ɗaya ana nema

Motar da mai ita

Motar a-kori-kura ce ƙarama, injin fetur mai silinda huɗu, giya biyar ta hannu, kuma ƙafafun baya ne ke ja, wato inji a miƙe yake, giyabos na bayansa, furofela ta wuce zuwa baya. Kulocinta na mai ne ba na waya ba, akwai masta, wato silindar da ke tura man in an taka, a sama daidai bayan feda, sai ƙaramar silinda a jikin giyabos ta waje wadda ke tura fok, wato ƙarfen nan mai baki biyu da ke danna kuloci. Mai motar abokin aikina ne, tare muka yi yawancin zirga-zirgar nan, kuma mutum ne mai rubuta kilomita a wani ɗan littafi duk sanda aka taɓa motar ko da noti ɗaya aka ɗaure, to daga littafin nan na kwaso lambobin da zaku gani.

Ya saye ta hannu na biyu tana da kilomita 151,000. Wanda ya sayar masa yace bai daɗe da sa sabon kuloci ba, kuma da alama gaskiya ya faɗa don kulocin yana kamawa tsaf. Lokacin da labarin nan ya fara tana kilomita 186,300. Aikinta kusan duk cikin gari ne, tsaya tashi tsaya tashi, kuma shi mai ita in ya tsaya a danja baya mayar da giya furi, sai dai ya bar ta a lamba ɗaya ya danne kuloci har ƙasa yana jira, ko da jiran zai kai minti biyu.

Ga wanda bai taɓa ganin cikin wajen ba, ga yadda kayan suke a jere daga inji zuwa giya. Filawil, wato babban faifan ƙarfe mai nauyi, na ɗaure a gindin karanshaf, wato sandar da inji ke juyawa. Dis, wato faifan kuloci, yana manne da fuskar filawil, filet kuma na ɗaure a jikin filawil yana matse dis ɗin da ƙarfin sifirin. A bayan filet akwai rilis boris, shi fok ke turawa ya danna yatsun filet in ka taka feda, sai filet ya saki dis. Shaf ɗin da ke shigar da ƙarfi cikin giyabos ya ratsa ta tsakiyarsu duka, dis na zaune a kan haƙoransa, shi kuma ɗan bakinsa siriri yana shiga wani ƙaramin boris da ke cikin rami a gindin karanshaf, wanda ake ce wa failot boris.

Mako na 1, kilomita 186,300: kukan ɓera

Abin ya fara ne da ɗan ƙiƙi-ƙiƙi kamar na ƙyauren da ya bushe, in ya taka feda ya yi, in ya saki ya yi. Da safe ya fi yi. Mun gwada da inji a kashe, ƙarar na nan, kenan ba abu ne mai juyawa ba. Ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari ya fesa mai a inda feda ke lilo da kuma fil ɗin da ya haɗa feda da sandar masta. Ƙarar ta ragu kamar rabi. Ragowar in ka buɗe bonet wani na takawa zaka ji daga ƙasa take fitowa, wajen da fok ya shiga jikin giyabos. Tunda motar na tafiya lafiya sai ya share.

Mako na 3, kilomita 187,100: ƙara ta biyu

Wannan ita ce ta tayar masa da hankali. Yana tsaye a danja, giya a ɗaya, ƙafa a kan kuloci kamar kullum, sai wani kuka ya taso daga ƙarƙashin mota, wiiii mai ɗan kaushi kamar ana wasa wuƙa a nesa. Da ya saki kuloci ya tashi sai kukan ya ɗauke ɗif. A hanya babu komai. A danja ta gaba ya dawo.

Ya kai ta garejin da ya saba kaiwa. Ogan wajen ya shiga, ya tayar, giya na furi, ya taka kuloci ya saki sau uku ko huɗu. An ji ƙiƙi-ƙiƙin nan na farko, sannan in feda ta kai ƙasa ana jin wani ɗan shuuu kaɗan wanda bai kai abin da mai motar ke kwatantawa ba. Mai motar yace masa “Oga ai ba haka take yi ba, a danja ta fi haka nesa ba kusa ba.” Oga yace rilis boris ne ya fara, amma kafin a sauke giya bari a duba man giya don in ya yi ƙasa shima yana sa kuka.

An kwance, man ya fito baƙi amma bai ragu sosai ba, kusan lita 2, kuma maganaɗisun da ke jikin notin ƙasa ɗan garin ƙarfe ne kawai mai laushi a kansa, babu ɓarɓashi manya. An zuba sabo, 75W-90 mai lamba GL-4 kamar yadda littafin motar ya nema. Giya ta ɗan ƙara laushin shiga da safe. Kukan danja bai canza ba ko kaɗan.

Mako na 6, kilomita 188,450: saukewa ta farko

Kukan ya ƙaru har na kusa da shi a danja suna juyowa. Aka sauke giyabos. An ciro tsohon rilis boris, Oga ya juya shi da hannu yace ya bushe. Ni ma na karɓa na juya, yana da ɗan sauti na bushewa amma babu gargada, baya cijewa, baya lilo. An sa sabo. An goge ƙwallon da fok ke zama a kai, wanda aka samu a bushe ƙayau har ya yi ƙyalli, an sa masa giris.

Filet da dis ba a kwance su ba. Oga ya haska fitila ta gefe yace dis ɗin da saura, kuma in an kwance sai an sake saiti, mai motar shima yana son rage kashe kuɗi sai ya amince. Wajen mayarwa ɗaya daga cikin yaran ya lakato giris ya shafa a haƙoran shaf da bakinsa don ya shiga da sauƙi. Duk da haka giyabos ta ƙi zama, ta tsaya saura kamar santimita ɗaya da ɗan wani abu tsakaninta da inji, an jijjiga an ɗaga an sauke ta ƙi, ƙarshe aka sa dogayen kusoshi biyu aka dinga ɗaurewa har ta haɗe.

Da aka tayar shiru. Ƙiƙi-ƙiƙi ya tafi gaba ɗaya, kukan danja ma babu. Mai motar ya biya ya tafi yana murna.

Kwana 9 aka yi a haka. Rana ta goma kukan ya dawo, kuma a wannan karon da gurnani a ƙarƙashinsa.

Mako na 8 zuwa na 10: giya ta fara gardama

Sabon abu ya shigo. Ribas ta fara yin ƙurrr duk sanda zai saka, ko da ya danne kuloci har ƙasa ya jira. Lamba ɗaya kuma in mota na tsaye sai ya yi da ƙarfi, wani lokaci sai ya fara saka biyu sannan ya dawo ɗaya. In inji a kashe yake duk giyoyin suna shiga sumul.

Garejin suka ce kuloci baya saki sosai, iska ce a layin mai. An yi bilidin, wato an fitar da iskar, an zuba sabon man birki DOT 4, feda ta ɗan ƙara tauri, matsala na nan. Bayan kwana huɗu aka canza masta ta sama. Bayan mako ɗaya aka canza silindar ƙasa. A kilomita 189,600 Oga ya kira mai motar gefe yace gaskiya Alhaji abin daga cikin giya ne, zoben sinkiro, masu daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga, sun cinye kuma akwai boris da ke kuka a ciki, ko a buɗe giyabos ko a nemo wata. Game da kukan da ya dawo kuma yace ƙila sabon rilis boris ɗin ne ba mai kyau ba, don yanzu kaya sai a hankali.

Mai motar bai ce eh ba bai ce a'a ba, ya ɗauki motarsa.

Mako na 11, kilomita 189,900: gwajin da aka yi ba tare da an kwance noti ba

Wani ne ya haɗa shi da wani dattijon makanike wanda aikin giya ne sana'arsa. Mun je da rana bayan motar ta yi tafiya ta ɗau zafi, don shi ya ce kar a kawo ta da sanyi. Bai ɗauko sifana ba. Yace mai motar ya zauna a kujerarsa ya ja birkin hannu, shi kuma ya tsuguna a gefen ƙofa da wani dogon sukudireba a hannu.

Ya fara da inji a kashe, yace a taka a saki. Shiru. Ya sa ruler ya auna wasan feda kafin ta fara tauri, kusan milimita 10. Ya leƙa ƙasa ya auna tafiyar sandar silinda yayin da ake takawa, milimita 14, yace daidai take da abin da motar ke buƙata, kenan mai yana tura fok iya yadda ya kamata.

Sai aka tayar, inji na silo a wajen juyi 800 a minti, giya a furi, ƙafa a ɗage. Yace mu saurara. Ban da ƙarar inji babu komai. Ya ɗora bakin sukudireban a jikin giyabos ya kara kunnensa a ƙotar, ya matsa gaba ya matsa baya, yace lafiya lau. Ya yi mana bayani cewa a wannan yanayin shaf ɗin giya yana juyawa da gudun inji, duk boris ɗin da ke riƙe da shi a cikin giyabos suna aiki, to da su ne suka lalace yanzu ne za su yi gurnani, kuma da an taka kuloci shaf ya tsaya sai su yi shiru. Motar nan akasin haka take yi.

Na gaba yace “Malam ɗora ƙafarka kawai, kar ka danna, ka cinye wasan nan ka tsaya inda ka fara jin tauri.” Aka yi. Shiru. Yace ƙara kaɗan, zuwa rabi. Har yanzu shiru. A nan ne rilis boris ke ɗaukar nauyin sifirin ɗin filet, kuma in shi ne mara lafiya tun daga inda feda ta fara tauri yake fara kuka ya ci gaba har ƙasa, don yatsun filet suna juya shi da gudun inji kuma ga nauyi a kansa.

Yace to kai ta ƙasa. Sai ga ɗan shuuu ɗin nan mai rauni, irin wanda aka ji a garejin farko. Yace “riƙe a haka kar ka ɗaga, saka ɗaya.” Giya ta shiga da ƙyar, kuma tana shiga kukan ya ɓarke, wiiii da gurnaninsa, sak abin da mai motar ya shafe wata biyu yana kwatantawa. Yace mayar furi ƙafa na ƙasa. Cikin daƙiƙa biyu uku kukan ya lafa ya koma shuuu. Saka ɗaya, ya dawo. Sun yi haka sau huɗu.

Mai motar yace “Baba to me ya haɗa kukan da giya tunda ƙafata bata motsa ba?” Baba yace shi ma abin da yake so ya tambaye mu kenan. Feda na wuri ɗaya, rilis boris na ɗauke da nauyi iri ɗaya yana juyi iri ɗaya, ko giya na furi ko tana ɗaya shi bai san ma an yi ba. Abin da ya canza guda ɗaya ne, shaf ɗin giya. In ka saka giya mota na tsaye ka ɗaure shaf da tayoyi kenan, dole ya tsaya cik, alhali karanshaf na juyi 800 a kewayen bakinsa, kuma abin da ke tsakanin mai juyi da mai tsayuwa shi ne failot boris. In kuma giya na furi babu abin da ke riƙe shaf ɗin, to boris ɗin da ya bushe ya fara cijewa sai ya ja shaf ya tafi da shi, bambancin gudu ya ragu, kuka ya ragu. In ka saki feda gaba ɗaya kuwa shaf da karanshaf sun zama abu ɗaya suna juyawa tare, failot baya motsi sam, shi yasa a hanya ba a jin komai.

Daga nan ya koma kan ribas. Yace a danne kuloci, a saka ɗaya, a wuce ribas nan take ba tare da ɗaga ƙafa ba. Ta shiga da ɗan ƙaramin ƙwas. Yace a mayar furi, ƙafa na ƙasa, a ƙirga biyar, a sake sakawa. Ƙurrr. Yace kun gani, lamba ɗaya ta tsayar da shaf, da muka bashi daƙiƙa biyar a furi sai ya sake ɗaukar gudu duk da kuloci na danne, kenan akwai abin da ke jansa. Ribas ɗin wannan motar bata da sinkiro, haƙori ne ke shiga haƙori, don haka ita ce ke fara tona asiri in shaf bai tsaya ba. Ya ƙara da cewa dis da ya lanƙwashe ko ya maƙale a kan haƙoran shaf shima yana jan shaf haka, saboda haka wannan gwajin shi kaɗai baya nuna failot, sai an haɗa shi da kukan.

Gwaji na ƙarshe a kan hanya aka yi, kuma shi ya fi burge ni. Muna tafiya a giya ta biyu a hankali, yace a danne kuloci a bar giyar a ciki mota na gangarawa, sannan a ɗan taɓa totur a hankali. Kukan yana nan, sai da juyin inji ya hau ya zo daidai da gudun da tayoyi ke juya shaf, a nan ya ɓace, da aka ƙara totur ya wuce wajen sai ya dawo. Rilis boris in ya lalace ƙara totur ƙara kukansa yake yi, babu inda zai yi shiru a tsakiya.

Da muka dawo ya sa agogon awo a gaban fulin karanshaf ya tura shi gaba da baya da ƙarfe, milimita 0.12, littafin motar ya yarda har 0.30. Yace ya duba ne don in metal ɗin da ke hana karanshaf zamewa gaba da baya ya cinye shima yana kawo ƙara da faɗuwar silo in an taka kuloci, kuma wancan aikin inji ne. Ya tambaya ko tana ƙwanƙwasa in an kashe inji ko tana kaɗawa a silo, aka ce a'a, yace dama filawil ɗinta guda ne ba mai hawa biyu da sifirin a ciki ba, irin waɗancan su ke yin haka. Duka gwajin bai kai minti 40 ba.

Washegari: abin da aka samu a ciki

An sauke giyabos, an kwance filet da dis. A ramin gindin karanshaf failot ɗin irin mai allurai ne, wato ƙananan sandunan ƙarfe a jere cikin gwangwani, kuma bakin shaf a kansu yake gudu kai tsaye. Kejin da ke riƙe alluran ya karye, wasu sun zube sun niƙe sun zama gari mai launin tsatsa, waɗanda suka rage sun kwanta a karkace sun yi shuɗi don zafi. Bakin gwangwanin ta gefe ɗaya ya lotsa ciki, lotsawa sabuwa mai ƙyalli. Ɗan giris ɗin da yaron nan ya shafa ya ƙone ya zama baƙin dunƙule.

Bakin shaf ya canza launi kuma akwai zane da farce ke ji. Baba ya goge shi da takardar yashi mai laushi sosai da ɗan mai, ya auna da maikiromita a wurare uku, ragin bai wuce milimita 0.03 ba, yace zai yi, da ya yi rami sai an canza shaf ɗin kuma wannan sai an buɗe giyabos. Ya juya shaf da hannu yana saurare, sumul. Mai motar ya kama bakin ya girgiza yaga yana ɗan motsi ya tsorata, Baba yace a irin wannan giyar ɗan motsin nan ba laifi bane, ai dama failot ne ke riƙe wannan ƙarshen.

Rilis boris ɗin da aka sa mako biyar baya lafiyarsa ƙalau. Dis da saura, zurfin kan ribit, wato ƙusoshin da ke riƙe da fuskarsa, milimita 0.8 inda iyaka 0.3 ce, amma cibiyarsa ta ɗan karkace kuma giris ya fantsamu daga haƙoran shaf ya taɓa gefen fuskarsa. Filawil na da ɗigon ƙuna kaɗan, karkatarsa a agogon awo milimita 0.05.

Sai abin da babu wanda ya nema. Tsakanin inji da giyabos akwai fegi biyu na ƙarfe da ke saita su a layi ɗaya, kusoshi ɗaurewa kawai suke yi, saitin na fegin ne. Guda ɗaya ne a wurin. Ramin ɗayan cike yake da tsatsa da busasshiyar ƙasa, wadda ba ta mako biyar bace, ta shekaru ce.

Gyaran

An zare ragowar failot da fula, wato ƙarfen zaro boris, don dabarar cusa giris a rami a buga ƙarfe bata yi ba tunda gwangwanin ya lotse. An wanke ramin, an buga sabo da soket daidai faɗin gwangwaninsa har ya zauna a zurfin da tsohon yake. An samo fegi an buga. Mai motar ya yarda a sa dis da filet sababbi tunda dis ya sha giris kuma ya karkace, rilis boris ma aka sa wanda ya zo cikin saitin. An gyara fuskar filawil a inji, an canza oyil sil na bayan karanshaf da na gaban giyabos tunda duk suna a buɗe kuma na giyar ya fara jiƙewa. Giris a haƙoran shaf ɗan kaɗan aka sa da burushi, aka zura dis aka zare aka goge abin da ya taru. An saita dis da sandar saiti, an ɗaure filet kusa bayan kusa a gicciye kaɗan kaɗan.

Wajen mayar da giyabos an ɗora ta a jak, aka sa giya aka ɗan juya bayan shaf har haƙora suka haɗu, ta zame ta zauna a kan fegi biyun da hannu kafin a sa kusa ko ɗaya. Baba ya hana a bar nauyinta ya rataya a kan shaf ko na daƙiƙa ɗaya. Cikin giyabos ba a taɓa ba.

Bayan gyara

An maimaita gwajin jiya ɗaya bayan ɗaya, furi da ɗaya, ƙafa sama da ƙasa, babu ƙara. Ribas bayan ƙirga biyar ta shiga shiru. A kilomita 190,400 ya dawo aka duba yoyo, babu. A 193,000 haka. Littafin nasa yanzu ya wuce 201,000 kuma abin da aka rubuta tun daga lokacin juyen baƙin mai ne kawai da birkin gaba. Lamba ɗaya dai har yau in da sanyin safiya tana ɗan nauyi fiye da da, Baba yace sinkironta ya sha wahala a makonnin da ake tura ta da ƙarfi shaf na juyawa, zata yi aiki amma ba zata koma sabuwa ba.

Abin da nake gani ya faru

Ƙara biyu ce daban daban ta haɗu a lokaci ɗaya, kuma hakan ya taimaka wajen rikita lissafi. Ƙiƙi-ƙiƙin farko bushewar feda ce da ƙwallon fok, giris ya gama da ita. Kukan danja tun ranar farko failot ne. A ganina rashin fegin nan ne asalin ciwon, tun aikin kulocin da aka yi kafin ya sayi motar, don in giyabos ta kauce daga layin karanshaf ko da kaɗan ne, abin da ake yarda da shi bai wuce wajen milimita 0.13 ba, to bakin shaf na danne gefe ɗaya na alluran kullum. Ɗabi'ar mai motar ta ƙarasa shi, domin failot baya aiki sai an danne kuloci, wanda ke mayar da furi a danja nasa na aiki na daƙiƙoƙi ne, shi kuwa nasa minti minti yake yi sau da yawa a rana har kusan kilomita 35,000.

Garejin farko ban ga laifinsu a zargin rilis boris ba, shi ne ya fi yawan kawo kuka in an taka kuloci, ko ni shi zan fara kawowa. Inda suka kauce shi ne sun yi gwajin a furi kawai alhali mai motar ya gaya musu da bakinsa a danja take yi, kuma a danja giyarsa na ɗaya, da an saka giyar nan sau ɗaya a mako na 3 da an ji bambancin. Na biyu, an sha wahalar sauke giyabos amma aka ƙi kwance kusoshi shida na filet, failot kuwa na bayan dis, ba a ganinsa da kyau sai an cire. Na uku shi ne jan giyabos da kusoshi, wanda nake kyautata zaton shi ya lotsa gwangwanin ya karkatar da cibiyar dis, don kafin wannan aikin kuka kawai ake yi, bayansa ne giya ta fara ƙin shiga. Shirun kwana 9 ɗin nan kuma giris ɗin bakin shaf ne ya saye shi, sai ya sa kowa ya ɗauka an gano ciwon, shi yasa da kukan ya dawo aka ɗora wa sabon boris laifi maimakon a koma tambayar farko. Masta da silindar ƙasa duk lafiyarsu lau aka cire su, awon milimita 14 ɗin nan na minti biyu ya isa ya hana sayensu.

Shi ma mai motar yana da nasa kason, shi ya amince a bar filet a ɗaure don a rage kuɗi, ya kuma ci gaba da tuƙa ta mako uku yana cusa giya da ƙarfi. Yanzu dai in ya tsaya a danja furi yake sakawa ya ɗage ƙafa, tsohon failot ɗin kuma da alluransa uku da suka rage yana cikin wata 'yar leda a aljihun gaban motar.